GONA TA UKU

Shafi na 19

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Masu bina da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun asuba kamar na gudu da akuyarku, to ga shi nan, ku sarara min. Masu tambaya kuma ko da 'yan siyasar bana nake, ni dai labarin zamanin da ba akwatin zaɓe nake ba ku, garin ma ƙage ne. Wanda ya tsargu shi ya sani.

*

Sallamar Kawu Abdussamad ce ta riga rana shigowa gidan.

Hansai na tsugune a tsakar gida tana wasa bakin garmar marigayi mijinta, Shitu. Ta amsa a ciki-ciki, ta ci gaba da goga ƙarfen a kan dutse.

Yau ce ranar garma a Tudun Kanya. Mai gari ya rasu tun bazara, kuma a garin nan ba a naɗa sabo sai garma ta yi magana. Kowane gida ya ɗauki guda, ya kai gonar wanda yake so, ya kafa, a wuni ana yi masa huɗa. Jakadan sarkin Maska ya zaga, gonar da ta fi cika ita ce zai tafi da sunan mai ita. Gidan da maigida bai shekara da rasuwa ba kuwa, matarsa ke ɗaukar garmarsa.

Abin da ya kawo babban falke irin Abdussamad ke nan, ƙanen mahaifiyarta, wanda rabon ƙafarsa da zauren nan tun ranar gaisuwar mutuwa. Har da ƙunshin goro a hannu, shi ya riƙo da kansa. Ikon Allah!

"Ɗiyata, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Kawu. Ya ruwan jiya?"

"Ruwa ya yi gyara. Ina Gwaggo?"

"Tana ɗaki."

Ta jawo masa tabarma da hannu ɗaya. Ya zauna, ya ajiye goron kusa da ƙafarta. Ba ta ko kalli inda yake ba.

Ya gyara murya. "Wata magana na ji, na ce ƙarya ake yi wa ɗiyata. Wai gonar Isyaku za ki kai garmar nan."

"Ba a yi min ƙarya ba."

"Hansai!"

"Na'am, Kawu."

"Isyaku fa? Mutumin da ko jaki ba shi da shi? Ke kin san cikin gari ya rabu biyu tsakanina da Maiwada, babu mai rinjaye. Ku 'yan Bayan Ganuwa ku ne za ku raba gardama. Labo da Maguzawansa sun ce inda garmar Shitu ta je nan tasu za ta. In kika ja su gonar Isyaku, Isyakun ba zai ci ba, ni kika kayar. Kin ɗauki garin nan kin miƙa wa Maiwada da hannunki."

"To sai me?"

"Sai me? Maiwada fa! Kin manta abin da ya yi muku?"

Ta ajiye dutsen. Nan ne fa ya taɓa inda yake mata ƙaiƙayi.

"Ban manta ba, Kawu. Lokacin da ubansa ke kwance shi yana riƙon gari, ya tara mu ya ce a zo a yi aikin ganuwa, za a zagayo da ita har bayan unguwarmu. Mata muka ɗebo ruwa har wuyanmu ya sage. Mazanmu suka kwaɓa ƙasa har dugadugansu suka tsage. Da gini ya iso gindin kuka sai ya karya kwana, ya zagaye turken shanun Maiwada. Mu aka bar mu da giɓin da raƙumi da kayansa zai wuce. Wannan ban manta ba."

"To kin gani."

"Ban kuma manta da naka ba."

Ya ɗan motsa a kan tabarmar.

"Lokacin da kake son hanyar da jakunanka za su ratsa gonakinmu zuwa Bakori, me ka ce mana? Ka ce a ba ka hanya, kai kuma kafin kaka ka toshe giɓin nan. Ka samu hanya. Kaka ta zo ta wuce, wata ta zo. Mahara suka shigo ta giɓin. Shitu ya tsaya a wurin da mazan Labo don mata da yara su samu su ɓuya a fadama. A nan aka ɗauko min shi."

Ta rantse wa kanta ba za ta yi kuka a gaban mai neman garma ba.

"Allah ya ji ƙan Shitu," in ji shi a hankali. "Amma ɗiyata, fatauci ne ya karye min a shekarar. Yanzu ga ni ga ki, na ɗaukar miki alkawari..."

"Kawu, don Allah kar ka ce alkawari a gidan nan. Rumbunmu ya cika da shi, ba wurin zubawa."

"Ni fa naki ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk lalacewata ai na fi Maiwada."

"Ɗan juma ne da ɗan jummai."

"A'a! Ki ji tsoron Allah. Wa ya rufe muku ƙofar gari ranar harin, kuna bugu kuna kururuwa? Ni ne ko Maiwada?"

Asabarin ɗakin da ke bayansa ya motsa.

Gwaggo Marka ce, mahaifiyar Shitu, ta fito tana dogara sanda. Tun rasuwar ɗanta ba ta cika magana ba, har unguwa ta fara cewa baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ta tsaya a kansa tana kallonsa.

Ya yi saurin cewa, "Gwaggo, ina kwana?"

"Maimaita tambayar da ka yi."

"Wace?"

"Ta ƙofa."



Gwaggo ta juyo wajen surukarta. "Hansai, ki yafe min. Na riƙe maganar nan ne don kawunki ne, na ce kar in raba ki da dangin uwarki, ga ki ba miji. Amma tunda shi ya tambaya da bakinsa, sai in ba shi amsa."

Hansai ta miƙe. "Gwaggo, wace magana?"

"Ranar nan ina cikin gari, na kai daddawa. Da aka yi kuwwa ina daf da ƙofa. Mai tsaron ƙofa ya riƙe ƙyaure yana jiran mutanenmu su ƙaraso, ana hango su da gudu. Wannan da ke zaune a tabarmarki shi ya ce masa, 'Ja ƙyaure! Kayana na ciki!' Da kunnena na ji. Maiwada kuma ya zo ya tokare da gungume. Ɗaya ya faɗa, ɗaya ya aikata."

Hansai ta kalli kawunta.

Jira take ya ce ƙarya ne. Wallahi so take ya ce ƙarya ne, ko da rantsuwar banza ce ya yi, ta samu abin riƙewa. Wannan mutumin ne fa ya goya ta a wuya tana ƙarama, shi ya ba da aurenta ga Shitu.

Bai ce ƙarya ne ba. Kansa ya sunkuyar.

"Kawu?"

"Da an bar ƙofar a buɗe da garin duka aka kwashe."

"Kayanka ka ce. Ba gari ka ce ba."

"Tsoro ne, Hansai. Baki ya faɗi abin da ya faɗa."

"Ka zo gaisuwa. Ka zauna a zauren can ana zagin Maiwada, kana gyaɗa kai."

"Na yi."

"Fita min daga gida."

Ya miƙe, amma bai tafi ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Zan fita. Ki tsane ni har ranar da za a binne ni, na cancanta. Amma ki saurari wannan. Ni abin nan na damuna, ba na iya bin hanyar kuka. In na hau, zan toshe giɓin nan ko don in samu sauƙi a raina. Maiwada babu abin da ke damunsa, lafiya lau yake cin tuwonsa. Kaka na tafe, Hansai. Mahara sun san hanya. Kina da 'ya'ya mata a ɗakin can, ga tsohuwa. Fushinki ba zai tare musu doki ba."

Abin haushin shi ne maganar ta shige ta. Ta ji ta har cikin ƙashi. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ta ɗauki ƙunshin goron ta miƙa masa.

"Ka manta kayanka, Kawu. Na san ba ka son a bar su a waje."

Ta saɓa garma a kafaɗa ta riga shi fita.

*

A gindin kuka ta tarar da 'yan Bayan Ganuwa, kowa da garmarsa. Musulmin unguwar a gefe guda, Maguzawa a gefe guda, amma ido duka a kanta yake.

Labo ya taro ta. Shi ne babban Maguzawan unguwar, dattijo mai faɗin ƙirji, tabon mashin ranar harin na nan a dantsensa.

"Matar aboki, na ga falke ya shiga gidanki. An sayo ki?"

"Ban sayu ba."

"Madalla. To ina muka nufa?"

"Gonar Isyaku."

Wani daga baya, Maitama mai saƙa, ya ɗaga murya. "Hansai, a yi tunani dai. Garmar da aka kai wa Isyaku kamar an jefa ta rijiya ce. Da babu gara ba daɗi, mu bi kawunki."

"Ba daɗin ne ya kai mu inda muke," ta ce ba tare da ta juya ba. "Kullum sai a ce mana a cikin biyu za mu zaɓa, wanda ya mare mu ko wanda ya riƙe mana hannu aka mara. Isyaku tun bazara yake jan ƙaya shi kaɗai yana tarawa a giɓin nan. Wa ya sa shi? Ya taɓa ce muku na yi alkawari? Cewa ya yi ku dai ku duba. To ni na duba."

"In ya faɗi fa?"

"Mu faɗi tare. Aƙalla a Maska za a ji cewa akwai unguwar da ta ƙi su duka biyun."

Labo ya yi dariya a maƙoshi. "Aradu, ni duk mai son rawani ban yarda da shi ba, ko ɗan cikina ne. Amma Shitu ya tsaya min a giɓi, ni ma zan tsaya bayan garmarsa. Mu je."

Suka kama hanya.

Dole sai an wuce ta gefen gonar Maiwada. Can ganga ke tashi, an jera tukwanen fura a inuwa, garemani sun yi baƙi a bakin gona. Shi kuma yana zaune a kan buzu ƙarƙashin ɗorawa, an kewaye shi.

Hansai ta shirya wa roƙo, ta shirya wa barazana. Ta ma tanadi amsar da za ta watsa masa.

Maiwada ya ɗaga hannu kawai, fuska a sake.

"Matar Shitu, an fito? A sauka lafiya."

Shi ke nan. Ko "ku tsaya ku sha fura" bai ce ba. Ta ji wani iri, amma zuciyarta na tafasa da maganar ƙofa, ba ta tsaya auna komai ba.

Gonar Abdussamad na can ɗaya gefen, ita ma ta cika daidai gwargwado. Mutanensa suka bi su da ido har suka wuce, wasu na tsaki.

*

Gonar Isyaku ƙarama ce, a kan jigawa, daga ita ana hango sauran biyun. Babu ganga, babu taro. Matarsa Barakatu ce kaɗai a gindin marke da tukunyar kunu, tana ta juya ludayi a ciki ba dalili.

Labo ya tsaya cak a bakin gona. Ya duba gabas ya duba yamma.

"Ina garmar mai gona?"

Barakatu ba ta ɗago ba. "Ya kai ta maƙera, ƙota ce ta yi sako-sako. Yanzu zai zo. Ya ce in kun iso ku kafa."

"A'a," in ji Labo. "Mai gona shi ke fara kafawa. Tasa ce uwa, namu 'ya'ya. Ba a kafa wa gonar da ba uwa."

"Ya ce yanzu zai zo."

"To mu jira shi."

Suka jira. Hantsi ya fara zafi. Daga can ƙasa aka hango jakadan Maska da farar riga ya gama da gonar Abdussamad, ya nufi ta Maiwada. Daga ita sai nan.

Guna-guni ya tashi a baya.

"In jakada ya same mu da garma a kafaɗa fa, ba a lissafa da mu."

"Ni dai na faɗa, mu koma wajen falke tun da sauran lokaci."

Hansai ta waiga. Maitama har ya fara ja da baya, mutum biyu-uku na shirin binsa. Ta san in aka fara zamewa, kafin ka ce kwabo duk unguwar ta koma gonar mutumin da ya ce a ja ƙyaure.

Wannan kam ba da ita ba.

Ta sauke garmar.

Labo ya tare ta da hannu. "Matar aboki, dakata. Kin san garmar da ta ci ƙasa ba a cire ta sai rana ta faɗi. Wanda ya cire, gidansa ya cire daga garin nan, gona da rumbu."

"Na sani."

"To jira mutumin nan ya zo."

"Na gaji da jiran maza, Labo."

Ta ɗaga garmar Shitu da hannu biyu, ta kirɓa ta a ƙasa. Ƙasar na da laushin ruwan jiya, ƙarfen ya nutse har wuya.

Labo ya girgiza kai, ya yi ƙwafa, ya kafa tasa kusa da tata. Maguzawa suka biyo baya. Musulmi suka biyo. Har Maitama ya dawo yana mita, ya kafa. Kan a jima bakin gonar ya cika reras, wata mata ta rangaɗa guɗa.

Hansai ta ji wani sanyi a ƙirjinta wanda rabonta da shi tun Shitu na da rai.

Sai ta ji shessheƙa.

Barakatu ce ta kifa kai a gwiwa tana kuka.

"Ke, lafiya?" in ji Hansai.



"Ga Isyaku can!" wani ya faɗa.

Kowa ya juya. Shi ne kuwa, ya fito ta ƙofar gari, garma a kafaɗa, ƙotar lafiya lau. Yana tafe kansa a ƙasa. Ya iso mararrabar da ke ƙasan jigawa, inda hanya ɗaya ta hauro gonarsa, ɗaya ta gangara wajen ɗorawa.

Ya gangara.

Hansai ta ruga har bakin jigawar.

"Isyaku! Ba nan ba ne! Ga mu nan!"

Ya tsaya. Ya ɗago ya kalle ta, ya kalli garemanin da aka jera masa.

"Ki yi haƙuri, Hansai."

"Haƙurin me? Hauro ka kafa!"

"Ba zan ci ba, ke ma kin sani. Maiwada ya kira ni tun kafin ruwa ya sauka. Ya ce ku ba za ku taɓa zuwa gonarsa da ƙafarku ba, amma in na kawo masa ku, ginin farko da zai yi giɓin nan ne. Don ku na yi. Ya yi min alkawari."

"Alkawari? Isyaku, alkawari ya yi maka?"

Ya juya ya ci gaba da gangarawa. Gangar gonar Maiwada ta canza kiɗa tun bai ƙarasa ba.

Maitama ya ɗora hannu a ka. "Labo, me ke nan? In ya kafa a can, namu fa?"

Labo bai kalle shi ba. "Inda uwa ta je nan 'ya'ya ke bi. Da ya kafa, duk waɗannan na Maiwada ne."

Salati ya ɓarke. Wasu na zagin Isyaku, wasu sun juyo suna kallon Hansai, irin kallon da ya fi zagi ciwo.

Ita ba ta jin kowa. Garmar Shitu take kallo, tsaye a ƙasa, za a lissafa ta cikin na mutumin da ya tokare masa ƙofa da gungume. Kuma ita ta kawo ta, ita ta kafa.

Ta tako a hankali ta nufi garmar.

"Hansai," in ji Labo. "Kar ki yi. Ki tuna 'ya'yanki. Ki tuna Gwaggo. Ina za ku?"

Ta wuce shi.

"Ga jakada nan ya hauro, yana kallonki! Hansai!"

Can ƙarƙashin ɗorawa Isyaku ya sauke garmarsa daga kafaɗa, ya ɗaga ta sama.

Hansai ta kama ƙotar garmar Shitu da hannu biyu.